Ƙararrawar Da Ba Ta Kuka A Bakin Gaɓa

Ni mutumin tudu ne. A garinmu ruwan da ya fi kowanne girma shi ne kududdufin bayan kasuwa, shi ma kafin tsakiyar rani ya ƙafe, yara su koma buga ƙwallo a cikinsa. Ban iya iyo ba, ban kuwa taɓa tsammanin akwai ranar da zan riƙa shiga jirgin ruwa safe da yamma kamar mai shiga motar haya ba. Amma zaman Ikko ya kan koya wa mutum abin da bai yi niyyar koyo ba. Gidan da na ke haya yana Ikorodu, wurin aiki kuwa yana cikin tsibiri, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san mutum ya kan share awa biyu ko uku a mota in hanya ta cushe. Da aka rufe wani sashe na gadar Third Mainland don gyara a farkon 2024, sai abin ya wuce misali, har na yi kwana uku a jere ina isa ofis bayan an tashi daga taron safe. Ran na huɗu na yi ta maza na nufi tashar jiragen ruwa, na sa rigar ceto, na karanta duk addu'ar da na sani, cikin minti arba'in sai ga ni a Marina. Tun daga ran nan ban koma mota ba sai da larura.

Jiragen da ke wannan jigila ba manya ba ne. Na faiba ne, kowanne ya kan ɗauki mutum ashirin ko sama da haka kaɗan, da rumfa a bisa, da inji guda ko biyu rataye a baya, irin wanda a ke ɗaga ƙafarsa daga cikin ruwa in an iso gaɓa. Wanda na saba shiga injinsa guda ne, mai ƙarfin doki 200. Direbansa mutumin Ilaje ne daga bakin tekun Jihar Ondo, watau mutanen nan da a ke haifa a kan ruwa su tsufa a kan ruwa. Kowa Kyaftin ya ke ce masa, shi kuwa Malam ya ke ce mini, kuma da Turancin buroka mu ke magana, sabo da haka duk abin da na sa a bakinsa nan gaba fassarata ce. Na kan zauna a kujerar baya kusa da shi, ba don jarunta ba, sai don an gaya mini can ne jijjiga ta fi sauƙi.

Tafkin Ikko yana da faɗi amma ba shi da zurfi. In ka bar hanyoyin da aka yashe, wurare da yawa ba su wuce tsayin mutum ɗaya ko biyu ba, irin wannan ruwa kuwa shi ne mai saurin fushi, domin iska kaɗan ta isa ta tayar da gajerun igiyoyi kusa da kusa, waɗanda ba su ba jirgi sararin ya hau ya sauka a hankali, sai dai ya riƙa dukansu ɗaya bayan ɗaya kamar mota a hanya mai gargada. Da safe ruwan a kwance ya ke kamar tabarma. Bayan azahar, musamman cikin Yuli da Agusta, sai iska ta taso daga wajen teku, kudu maso yamma, tafkin ya rikiɗe ya zama wani abu dabam.

Wata Laraba ce cikin Agustan 2024, ranar da mu ke rufe shafuffuka. Na tsaya ɗauko wani labari a Ikorodu da safe, na shiga jirgin ƙarfe biyu, alhali ƙarfe huɗu a ke jirana in duba shafin farko kafin a tura maɗaba'a. Mu goma sha ɗaya ne kawai a ciki. Mun yi kamar minti goma sha biyar, mun shiga sararin nan da ba ka ganin gaɓa sai dishi-dishi, jirgi na dukan igiya, sai muka ji wani siririn kuka ya tashi daga wajen sitiyari, tiii, ba yankewa. Nan take injin ya rage gudu da kansa, hancin jirgin ya sauko, igiya ta fara marinmu. Kyaftin ya ja totur baya, ya juya hancin ya fuskanci igiyar, ya leƙa bayan inji, ya sa giya a firi, sa'an nan ya ɗan ba da ribas. Kafin minti biyu kukan ya ɗauke. Muka ci gaba. Ba mu yi nisa ba ya sake tashi. Wannan karon sai da ya kashe injin ɗungurungum, ya ɗaga ƙafarsa ya duba, bai ga kome ba, ya mayar ya tayar. A karo na uku fasinjoji suka fara hayaniya, wata mata mai kwandon kifi tana zagi da Yarabanci, wani mai kwat yana nuna agogonsa. Ina jin kunyar faɗa, amma muryata tana cikin waɗanda suka fi tashi.

Na ce, "Kyaftin, don Allah ka ba shi wuta mu tafi. Sau uku ke nan tana kuka tana yin shiru. In da gaske ne ai da tuni injin ya tsaya. Ƙarya ta ke yi."

Bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka iya iyo?" Na ce a'a. Ya ce, "To, ni na iya. In injin nan ya ƙone a nan, ni dai zan kai gaɓa."

Muka lallaɓa a hankali har Marina, awa ɗaya da minti ashirin. Shafi ya makara, Edita ya faɗa mini abin da ya faɗa, amma maganar Kyaftin ce ta hana ni barci daren nan. Washegari na ba shi haƙuri, na kuma roƙe shi ya gaya mini abin da ƙararrawar ke nufi, tun da dai raina na rataye a kanta kullum.

Ga yadda abin ya ke, mai karatu. Injin jirgi ba shi da lagireto kamar na mota. Ruwan da ya ke tafiya a kai shi ya ke sha ya huce. A ƙafarsa, sama kaɗan da farfela, akwai wasu 'yan kafofi masu raga, ta nan ruwa ke shiga, sai wata 'yar farfelar roba da makanikai ke kira impela ta tura shi sama ta cikin bututu, ya zagaya jikin injin ya kwashe zafi, ya fita. Wani ɗan kaɗan daga cikinsa ya kan fito ta wata 'yar kafa a gefen murfi, siriri, yana tsartuwa cikin tafki, direbobi kuwa ba su sakaya sunansa, fitsarin inji su ke ce masa. Muddin yana zuba da ƙarfi, famfo na aiki. A jikin injin kuma akwai ma'aunin zafi da ke kai rahoto ga 'yar kwamfutar da ke ciki, in zafi ya wuce kima sai ta buga ƙararrawa, ta kuma rage gudun injin zuwa wajen juyi 2,000 a minti, alhali in yana cikin ƙarfinsa ya kan haura 5,000. Abin da ya faru da mu ke nan.

Sai dai ba zafi kaɗai ke sa ta kuka ba. In baƙin mai ya kasa zagayawa da ƙarfi za ta yi, in ruwa ya taru cikin matatar fetur za ta yi, in wutar batir ta yi ƙasa ko wata waya ta saki, kwamfutar na iya ruɗewa ta yi. Masu ƙera injin sun san da haka, shi ya sa suka haɗa shi da agogo mai fitilu a gaban direba, kowace cuta da fitilarta. To, agogon jirginmu gishirin ruwa ya cinye shi tun kafin in fara shiga, fuskarsa ta yi fari fat kamar idon makaho. Abin da ya rage shi ne kukan kawai, kamar jariri, wanda zai gaya maka akwai damuwa amma ba zai gaya maka ko yunwa ce ko ciwon ciki ba.

Abin da kowane direba ke fara zargi shi ne leda. Tafkin cike ya ke da ledar ruwan sha da ta burodi, guda ɗaya in ta manne a kan ragar nan ta isa ta toshe wa inji maƙogwaro, kuma dalilin ba da ribas ke nan, don ruwa ya ture ta. Bayan leda sai kainuwar nan ta Turawa mai shuɗin fure, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta kuma shigo ruwayen Nijeriya ta wajen Badagry a 1984, ta kan rufe bakin Ikorodu a ƙarshen damina har jirgi ya rasa hanya. Amma Agusta lokacinta bai yi sosai ba, leda kuwa Kyaftin ya duba bai gani ba.

Mai jirgin ɗan kasuwa ne, jirage uku gare shi, kuma akwai kuɗin da tilas direba ya kawo masa kowace yamma, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ya aiko da wani saurayin makaniki. Yaron nan ba jahili ba ne, kuma duk abin da ya taɓa ya sami aibu a ciki, wannan kuwa shi ya ƙara rikita al'amarin. Da farko ya tarar da kan batir ya yi sako-sako, ya ce ga ta nan, duk sa'ad da jirgi ya doki igiya wuta na yankewa ta dawo. Magana ce mai ma'ana. Ya kankare, ya ɗaure da sifana, aka tayar da inji a bakin gaɓa rabin awa, shiru. Kwana biyu ba a ji kome ba, kowa ya yi hamdala. Ran na uku ta yi kuka. Ya dawo ya kwance kofin matatar fetur, ya zubar da ruwa kusan rabin kofin shayi, domin man da a ke saye cikin jarka a bakin ruwa ba ya rasa ruwa, shi kuwa ruwa ya fi fetur nauyi, ƙasa ya ke kwanciya, in jirgi ya girgiza ya taso. Nan ma aka sami kwana biyu lafiya. Sa'an nan aka ƙara baƙin mai. Daga ƙarshe ya ce ma'aunin zafin ne ya lalace, aka sayo sabo da kuɗi masu yawa aka sa. Ta yi shiru kwana ɗaya.

Sai daga baya na gane abin da ya riƙa yaudararmu. Ba gyaran ne ke sa ta yin shiru ba, iska ce ke kwantawa. Duk gyaran da aka yi sai ya dace da kwana ɗaya ko biyu na lumana, a ce an dace, iska ta dawo, a ce wata sabuwar cuta ce. A ganina cutar da ke zuwa tana tafiya ta fi wadda ta kwantar da inji gaba ɗaya haɗari, domin mataccen inji ba wanda zai ɗauki fasinja da shi, amma wanda ke kuka yau ya yi shiru gobe sannu a hankali ya ke koya wa mutane su daina gaskata shi. Ni kaina cikin rabin awa na koyi wannan darasi, har na koyar da shi da babbar murya.

Haƙurin mai jirgi ya ƙare. Ya zo da kansa wata safiya, aka tayar masa da inji a gaɓa, ya tsaya ya ji yana aiki sumul, ya ce shi bai ga cuta ba sai ta direba, wanda ke fakewa da ƙararrawa don ya rage sawu ya kawo kuɗi ba cikakku ba. Ya ce a cire wayar ma'aunin a huta. Lura fa, ba wayar kukan kaɗai ba, domin in ita aka cire injin zai ci gaba da rage gudu da kansa. Ma'aunin ya ke so a raba da kwamfutar, yadda ba za ta ƙara sanin zafi ba balle ta yi wani abu a kai. Saurayin makanikin ya ƙara da cewa a cire har da bawul ɗin da ke tsare ruwa sai inji ya ɗumama, wai ruwa ya riƙa wucewa a sake. Kyaftin ya ce shi ba zai tuƙa kurman inji ba. Aka ba shi mako guda, ko ya kawo kuɗi cikakku ko ya ajiye makulli. Mutum ne mai 'ya'ya huɗu, biyu suna sakandare.

Kada mai karatu ya ɗauka taurin kai ne. Jikin injin nan na alminiyam ne, in ya yi zafi ba ruwa 'yan mintoci sun isa kansa ya lanƙwashe, fistan ya kumbura ya cije, shi ke nan ya buga. Asarar kuɗin mai jirgi ce wannan. Tamu asarar kuwa ita ce jirgin da ba inji ba shi da linzami, domin da ƙarfin farfela a ke juya shi. Da ya tsaya sai iska ta karkata shi ya ba igiya haƙarƙari, ruwa ya fara shigowa ta gefe, fasinjoji su firgita su taru a ɓangare guda, sauran labarin kowa ya sani. Kusa da gadoji kuma akwai jan ruwa mai ƙarfi in teku na cikowa ko tana janyewa. Mutanen Ikko ba su manta da jajibirin Babbar Sallar 2022 ba, sa'ad da wani jirgi ya taso daga Mile 2 zai tafi Ibeshe bayan magariba, ruwa ya ja shi ya maka da wani babban jirgin dakon kaya da ke tsaye, ya kife, mutum goma sha wani abu suka rasu, da yawansu 'yan gida ɗaya masu tafiya Salla. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Jihar Legas, wadda aka kafa a 2008, ta wajabta sa rigar ceto, kuma wannan abu ne da fasinja ke iya gani da idonsa. Abin da ke ƙarƙashin murfin inji kuwa ba mai gani sai direba da Allahnsa.

Ban san kome game da inji ba, amma aikina ya koya mini abu guda, watau rubuta abin da ya faru da lokacin da ya faru. Tun bayan gyara na biyu na fara sa wa a littafin aljihuna: rana, ƙarfe nawa, wajen ina, mutum nawa a ciki, iska ko babu. Sawun da ba na ciki yaron jirgi ya kan gaya mini da yamma. Da wa'adin nan ya zo sai na zauna na jera su, kuka goma sha huɗu cikin kwana goma sha shida. Ba ko ɗaya da safe. Ba ko ɗaya kusa da gaɓa. Dukansu a sararin tsakiya ne, bayan azahar, jirgi na cikin gudu. Abin da ya ba ni mamaki kuma, ta fi yin kuka ranar da fasinja ba su da yawa, alhali ni a tunanina nauyi ne ya kamata ya wahal da inji.

Kyaftin ya ɗauke ni da littafin muka tafi wurin wani tsohon makaniki da ke da rumfa a bakin ruwa can gefen Ikorodu, wanda ya fara wannan sana'a tun zamanin injunan da a ke gauraya musu baƙin mai da fetur, ba kwamfuta ba ƙararrawa. Baba ba ya karatu, sabo da haka na karanta masa, yana sauraro ido a rufe. Da na zo kan wata Asabar da aka yi iska ƙwarai amma ba a ji kuka ba, sai ya buɗe ido ya tambayi Kyaftin me ya ɗauko ran nan. Ya ce buhunan garin rogo takwas, a baya aka jibge su. Baba ya yi dariya har da tari. Ya kuma tambaya ko kukan a miƙe ya ke ko tsinke-tsinke, aka ce a miƙe, da rage gudu. Ya ce to a bar zancen ruwa cikin fetur, wannan kukanta dabam ne, ba ta kuma rage wa inji gudu.

Na ce, "Baba, to a buɗe injin mana a duba."

Ya ce, "Malam, ciwon da ke tashi a tsakiyar ruwa, a tsakiyar ruwa a ke ganinsa. Wanda ya gwada shi a gaɓa sauro kawai ya ciyar."

Ran Asabar da la'asar, iska na kaɗawa sosai, muka fita ba fasinja, mu huɗu da yaron Baba. Ni da Kyaftin muka haɗa kuɗin man. Baba ya aro agogo mai rai daga wani jirgi ya jona da waya ya ɗaure da roba, ya ce in zuba masa ido kada in ƙifta. Shi kuwa, tsoho mai furfura, ya kwanta rub da ciki a bayan jirgi, yaronsa na riƙe da ɗamararsa, fuskarsa dab da inda fitsarin injin ke fita. Ban taɓa jin tsoro irin na ran nan ba, domin jirgin da ba kaya tsalle ya ke yi kamar ɗan akuya, kowace dira sai na ji ta a haƙorana. Muna cikin haka Baba ya ɗaga hannu ya kira ni da ihu, na rarrafa na leƙa. A gaɓa na ga ruwan nan yana fita a miƙe kamar igiya. Yanzu kuwa duk sa'ad da gindin jirgin ya ɗaga sai ya yanke, ya yi tofi da kumfa, in jirgin ya dira ya dawo da ƙyar, kafin ya yi ƙarfi wata igiyar ta sake ɗaga mu. Na koma wurin agogo, ba a yi minti biyar ba fitilar zafi ta kama, ƙararrawa ta bi ta. Ashe ran nan da na ce ƙarya ta ke yi, gaskiya tsantsa ta ke faɗa.

Baba bai gamsu ba tukuna. Ya jira injin ya huce, ya sa muka koma baya dukanmu har da jarkokin mai, a madadin buhunan rogo, ya sa Kyaftin ya ƙara dulmuya ƙafar injin, aka sake bin wurin. Wannan karon ba ta yi kuka ba, amma ya ce ruwan bai yi masa ƙarfin da ya ke so ba. Ya ce cuta biyu ce ta haɗu, ɗaya na rufa wa ɗaya asiri.

Da aka jawo jirgin tudu sai ya ɗauko wani miƙaƙƙen katako ya shimfiɗa a ƙarƙashin cikinsa har ya wuce baya. A ƙafar inji, bisa farfela, akwai wani faffaɗan faranti wanda ya kamata ya yi daidai da cikin jirgi ko kusa da haka. Namu ya haura katakon da wajen inci ɗaya da rabi. Kyaftin ya tuna cewa bayan an janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, mai jirgi ya sa an ɗaga injunan jiragensa rami biyu, don in ƙafar ba ta nutse da yawa ba jan ruwa na raguwa, gudu ya ƙaru, mai ya yi auki. Dabara ce ta gaskiya, kuma a kwantaccen ruwa ba ta da laifi. Amma ta kawo kafofin shan ruwan kusa da sama, yadda in gindin jirgi ya ɗaga, iska su ke zuƙa maimakon ruwa. Buhunan rogo sun danne gindin ne ran Asabar ɗin nan, shi ya sa aka ji shiru.

Sa'an nan aka kwance ƙafar aka fito da impela. Abu ne da bai cika tafin hannu ba, baƙar roba mai fukafukai shida. Sabuwa fukafukanta a miƙe su ke, in ka lanƙwasa ka saki su koma. Tamu sun sandare a lanƙwashe kamar tsohon silifa, ɗaya ya gutsure, farantin ƙarfen da ta ke juyawa a kai kuwa yashi ya yi masa zane-zane, domin in ruwa ya janye jiragen nan cikin laka da yashi su ke tasowa. Baba bai yarda a rufe ba sai da aka nemo gutsuren, aka same shi maƙale can sama a bakin bawul ɗin nan da saurayi ya so cirewa. Masu ƙera irin waɗannan injuna su kan ce a duba impela duk awa 100, a canza ta wajen awa 300, jirgin haya kuwa cikin wata biyu ko uku ya ke cinye wannan. Tamu ba wanda ya tuna ranar da aka sa ta. Lafiyayyar impela in ta zuƙi iska nan da nan ta ke sake kama ruwa. Gajiyayya kuwa tana iya ɗaukar nauyin inji a gaɓa, inda ba zafi sosai, tana kuma iyawa a kwantaccen ruwa, inda gudun jirgi ke taimaka mata wajen tura ruwa ciki, amma in aka riƙa katse ta kowane daƙiƙa biyu sai ta gaza, zafi ya yi ta taruwa har ya kai inda ma'auni zai yi magana. Da an ja totur baya jirgi ya daina tsalle, ruwa ya dawo, ta yi shiru, mu kuma mu ce ƙarya ce.

Mai jirgi ya zo ran Lahadi. Baba bai yi masa dogon bayani ba, ya kama hannunsa ya ɗora masa tsohuwar a tafi, ya ɗora sabuwa kusa da ita. Kuɗinta bai kai na man yini guda ba, bai kuma kai na ma'aunin da aka canza a banza ba. Ya biya yana gunaguni. Da aka zo kan sauke injin sai gardama ta tashi, Baba ya ce rami biyu, shi ya ce man fa, aka yi ta ja har aka tsaya a kan rami ɗaya, da sharaɗin Kyaftin zai riƙa dulmuya ƙafar ya rage gudu in ruwa ya tashi. Ba na ce mutumin nan mugu ba ne. Lissafin mai ne ya sha masa kai, kuma bai taɓa zama a tsakiyar tafki inji a kashe ba. Bai ba Kyaftin haƙuri ba, amma bai sake zancen makulli ba. Batun sabon agogo ya ce sai ciniki ya gyaru.

Bayan wannan na riƙa tambayar direbobin da mu ke gaisawa, cikin raha, ko tasu ƙararrawar tana da rai. Yawanci sun ce tana nan. Biyu suka yi dariya suka ce tasu ta daɗe da yin barci, ɗaya har ya ce ai fasinja ne ba su son jin ta, in ta yi kuka gobe sai su shiga jirgin wani. Ban iya ce masa kome ba, domin na san irin fasinjan da ya ke nufi.

Cikin Oktoba, kainuwa ta fara sauka, muna fitowa daga Ikorodu da safe, ruwa a kwance, sai ga kukan nan, tiii. Wani saurayi mai jakar kwamfuta, da alama sabon shiga ne, ya juyo ya ce wa Kyaftin ya yi sauri, yana da ganawa ƙarfe takwas. Ni kuwa kafin in san abin da na ke yi har na juya na leƙa gefen murfi. Ba ɗigo ko ɗaya. Kyaftin ya sa firi, ya ba da ribas, sai ga wata ledar burodi ta taso a bayanmu tana lilo da saiwar kainuwa a jikinta. Ruwan ya yi tofi sau biyu ya miƙe, kukan ya ɗauke, muka isa Marina da lattin minti shida. Agogon har yau ba a saya ba, yaron jirgi ya manna hoton wata ƙungiyar ƙwallo a kan fuskarsa.